Haƙorin Sama

A ƙauyenmu na bakin kogi, can gaba da Auyo, kowa ya san ba a cire haƙorin sama. Na ƙasa dai a cire ko guda nawa ne, wanzami ya sa awartaki ya finciko, mutum ya kurkure da ruwan ɗumi da jar kanwa ya koma harkarsa. Amma na sama an ce saiwarsa a ido take ɗaure, in aka ja shi tare da gani yake tahowa. Ba mu taɓa neman hujja ba, domin hujjar tana zaune a gidanmu a kan tabarma. Ita ce Goggo, yayar mahaifina.

Tun tana amarya wani haƙorin sama ya kumbura mata fuska. Aka yi rashin sa'a ranar kasuwa ta faɗa hannun wani baƙon wanzami da bai san ƙa'idar garin ba, ya cire shi. Idon dama ya mutu a wannan daminar. Na hagu ya bi shi a hankali, har ya zamana ba abin da ya rage mata sai ɗan haske, wanda da shi take bambanta ƙofa da bango. Wannan ɗan hasken shi ne dukiyarta. Kullum da safe sai ta juya fuska gabas ta ce gari ya waye, tun kafin wani ya riga ta faɗa. Saboda shi ta bar sauran haƙoranta na sama suka ruɓe a baki ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda ko yatsa a kai musu ba. Ta cusa kanumfari, ta cusa garin taba, ta ɗaure kai da ɗankwali ta yi shiru. Mace ce mai son kifin banda kamar me, amma ni tun da na yi wayo kunu da fura na san ta da su.

Ni ce 'yar jagorarta, tun ban fi turmi tsayi ba har aka yi mini aure. Ni ke kai ta bayan gida, ni ke kai ta gidan suna da gidan gaisuwa. Ƙawayena suna dandali suna gaɗa, ni ina gaba da sanda ina cewa rami, ina cewa tudu, in na yi sakaci ta yi tuntuɓe in sha mintsini. Ina son Goggo, Allah ya sani, amma na tsani sandar nan. Duk wanda zai ba ni labarin makanta sai dai ya yi haƙuri, na san nauyinta ta ɓangaren mai ja.

Aurena bai kai ni nesa ba, zana ce kawai tsakanin gidan mijina da gidanmu. Maigidana masunci ne, yana kuma ɗan taɓa noman shinkafa a fadama, mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Lokacin da abin ya same ni yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, ba a ma canza kuɗi ba tukuna, kuma kogi yana nan da ƙarfinsa, ba a tare shi can sama ba. Ina da 'ya ɗaya da ta fara tatata.

Ni kuwa a lokacin da haƙorana nake taƙama. In goge su da furen taba in bi da goro su yi jawur, in an ba da labarin da bai kai a yi dariya ba ma sai na yi, don a gani. Ga shan rake, ga alewa duk ranar kasuwa. Wata rana na ɗebi ruwan randa na kurɓa, sai na ji kamar an soka mini tsinke daga leɓe har cikin ido. Na lalluba da harshe. Fiƙa ce ta hagu, ta sama. Na tsaya cak riƙe da moɗa, domin na san ko na wane ne wannan ciwon.

Na ɓoye iyakar ɓoyewa. Da ya fi ƙarfin kanumfari aka kira wani mai magani ya yi mini hayaƙi, ya nuna mini wasu 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa ya ce tsutsotsin ne suka faɗo. Tsutsa ta fita, ciwo yana nan. Sai aka kira wanzaminmu na gida, dattijo mai sanin ya kamata, wanda shi ya yi wa mahaifina aski har ya rasu. Ya leƙa bakina ya girgiza kai, ya ce shi ba zai ɗauki alhakin idon kowa ba. Amma akwai dabarar da suka gada: sai a cire abokin taunarsa, wato na ƙasan da ke daidai da shi, ciwon ya sami ƙofa ya sauko ya fice. Goggo ta ce wannan shi ne aikin hankali, da haka aka yi mata da yanzu tana tsintar shinkafarta.

Aka zaunar da ni a kan turmi, mata biyu suka danne ni. Haƙori lafiyayye ba ya son barin gidansa, sai da dattijon nan ya yi gumi. Da ya fito na gan shi a bakin awartaki, saiwarsa fara tas, ba ko ɗigon baƙi. Na yi ta tofar da jini ina jiran ciwo ya gane ƙofar da aka buɗe masa. Tsugune ba ta ƙare ba, ga giɓi a ƙasa ga wuta a sama.

Daga nan kumburi ya fara. Goggo ta sa aka dafa ruwa, ta riƙa tsoma tsumma tana gasa mini kunci kamar mai jego. Duk gashin da aka yi sai kumburin ya ƙara hawa, ya cinye gefen hanci, ya taso ƙarƙashin ido. Zazzaɓi ya rufe ni. Wata safiya na tashi na ji idon hagu ya ƙi buɗuwa, na sa yatsu biyu na ɓanɓare fatar, da ƙyar na ga wani jan haske. Goggo ta shafa fuskata da tafin hannu, daga haɓa har gira.

Ran nan maigida ya yi magana. Ya ce asibitin Haɗejiya za mu. Shi a ransa allura kawai za a yi mini, don ya ga yadda ta tayar da wani abokin sunsa da ƙaya ta ruɓar wa ƙafa. Ruwa ya cinye hanya, sai a kwalekwale. Ana shimfiɗa mini tabarma a ciki Goggo ta sa aka jawo ta har bakin ruwa, ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe gam.

"'Yar nan, in sun tambaye ki, ki ce na ƙasa ne," in ji ta. "Ko duka za su kwashe na ƙasan, ki bar su. Kada ki yarda su taɓa na sama."

Na ce to, Goggo.

Tafiyar nan ban manta ta ba. Fadama ta zama teku, kan shinkafa ne kaɗai ke leƙowa, ga bado ya yi fure, ga balbelu a kan giyayya. Duk abubuwan da na saba gani ban taɓa kallo ba. Na riƙa bin su da ido ɗaya kamar mai haɗa kayan tafiya. 'Yata tana kan cinyar ƙanwar maigida da ta rako mu, tana miƙa hannu za ta kama ruwa. Na dubi ɗan hannun nan na auna shi da kaurin sandar Goggo, sai hawaye, har ta idon da ya rufe.

A asibiti likitan da ya fara duba ni bai ɓata lokaci ba, ya ce a ba ni gado. Wadda ta karɓe ni wata nas ce 'yar Filato, gajera, mai 'yar sarƙar gicciye a wuya, Hausarta tana da wani ɗanɗano amma ba abin da ke wuce ta. Ita ke yi mini allura safe da yamma, har mazaunaina suka gaji. Ita ta gaya mini cewa allurar za ta danne ciwon ne kawai, tushensa yana baki, kuma akwai likitan haƙori da ke zuwa daga Kano lokaci lokaci, yana da ɗakinsa a ƙarshen baranda, ana sa ransa kwanan nan. Na yi maza na ce ai na ƙasa ne ke damuna. Ta dubi kumburin da ya kai gira, ta dube ni, ta ce to, ya zo ya gani.

Maƙwabciyar gadona wata Bafillatana ce da saniya ta harba a muƙamuƙi. Aka ce likitan haƙorin ne ya gyara mata ƙashin a zuwansa na baya, ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya don ya haɗe, da tsinken kara take zuƙar kunu ta gefe. Daga baya na fahimci ba don shi ba da bakinta a karkace zai warke har abada. Amma a lokacin abin da na gani shi ne, mutum ɗaya tak da ta taɓa shiga hannunsa, ga ta nan an ɗinke mata baki ba ta iya ba da labari. In na tambaye ta da zafi, sai ta juya ido kawai.

An ce a jirgin ƙasa yake zuwa, ya sauka Malam Madori mota ta ƙaraso da shi. Ban taɓa ganin jirgin nan ba, amma ba irin addu'ar da ban yi masa ba: ruwa ya yanke dogo, gawayi ya ƙare, direba ya manta hanya. Na yi tunanin guduwa ma. Sai dai ina za ni? Zazzaɓin ya sauka, amma idon yana rufe, kuma ina jin abu yana bugawa a bayansa kamar ana daka a maƙwabta. Gaba kura baya sayaki.

Jirgi bai ji addu'ata ba. Wata safiya na ga baranda ta cika, malaman makaranta, 'yan kasuwa, wani ɗan sanda riƙe da kunci, duk an jeru a benci. Mu na kan gado aka fara da mu. Ɗakin ƙarami ne, yana warin magani, da wata kujera mai jingina a tsakiya da fitila a samanta, ga ƙarafa a jere a kan farin tire, ciki har da ƙanin awartakin wanzaminmu, sai dai shi yana walƙiya. Likitan dogo ne mai furfura a gefen kunne, an ce ɗan Fakistan ne, sallama kaɗai ya iya da Hausa, nas ce ke fassara. Maigida yana tsaye a bakin ƙofa.

Aka tambaye ni wanne ne. Na ɗora yatsa a kan na ƙasa, maƙwabcin giɓin, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Likita bai yi musu ba. Ya juya wani ɗan madubi mai mariƙi, ya riƙa ƙwanƙwasa haƙoran da gindinsa. Ya bi na ƙasa kaf, ina ta yamutsa fuskar ƙarya. Sai ya hau sama. Da ya taɓa fiƙar nan ban san lokacin da na yi ƙara na kama hannunsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya nuna giɓin ƙasan ya tambayi abin da ya sami wannan. Maigida ya ba da labarin ƙofar da aka buɗe wa ciwo. Na zaci zai yi dariya ko faɗa, amma sai ya ɗan runtse ido, kamar ba yau ya fara jin irinsa ba. Sannan ya yi bayani, nas tana juyawa. Ya ce haƙorin ya mutu, mugunya ta taru a saiwarsa, kuma ba ta da hanyar sauka, sama take bi. Daga nan sai ido, bayan ido kuwa sai ƙwaƙwalwa. Gashin da aka yi ma ƙara mata gudu ya yi. Allura ta tsayar da ita, amma muddin haƙorin yana nan za ta dawo. Nas ta ƙara da nata, ta ce wa maigida kamar a yi ta kwarfe ruwa ne a kwalekwale ba a toshe ɓular ba. Na ga ya gyaɗa kai, na ji kamar in shaƙe ta.

Na ce musu ni ba labari aka ba ni ba, ni na ja sandar wadda aka cire wa na sama. Sai nas ta ɗaga leɓenta da yatsa ta nuna mini giɓi a sama, can gefe, ta ce a irin wannan kujerar aka cire shi tun tana makaranta, kuma ga ta nan ita ke zura zare a allura. Na leƙa da kyau, giɓi ne na gaske. Amma tsoro ba ya rasa amsa. Na ce mata ai ku mutanen dutse ne, wataƙila naku ɗaurin daban ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa da gaske nake.

Na juya wajen maigida ina jiran ya yanke, don in sami wanda zan ɗora wa laifi. Ya ƙi. Ya ce idona ne, ba zai tilasta ni ba, amma shi ya ji an ambaci ƙwaƙwalwa. Ban yarda da maganar likita a kan ido ba ko kaɗan, na riga na sallama cewa in aka cire na makance. Lissafin da na yi shi ne, makauniyar uwa ta fi wadda ke cikin kabari. Na ce a kawo mini yarinyar. Aka shigo da ita, da guntun ƙuli a hannu, hanci duk majina. Na kalle ta iyakar kallo, har 'yar tawadar da ke bayan kunnenta.

"Malam, alfarma ɗaya nake roƙo," na ce wa maigida. "In abin ya faru, ka bar ni a ɗaki in rarrafa. Kada yarinyar nan ta riƙe sanda."

Ya ce in sha Allahu ba za a kai ga haka ba. Na ce ba wannan na tambaye shi ba. Ya ce ya yi alkawari.

Na runtse idon da ya rage. Na ji an soka allura a dasashi, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na ji likita ya yi bisimilla, wannan kam ba sai an fassara ba. Ba zafin da ya kai na kan turmi, sai dai turawa da girgizawa, da wata ƙara a cikin ƙashin kaina. Duk jijjigar da ya yi ina jin ta a ido, ina cewa ga igiyar nan tana tsinkewa. Can wani abu mai ɗumi da wari ya cika mini baki, aka ce in tofar, aka cusa auduga. Bugun da ke bayan idona ya tsaya.

Aka ce an gama, in buɗe ido. Na ƙi. Muddin ni na rufe shi, duhun nawa ne, in na buɗe na tarar da shi kuma shi ke nan. Aka lallashe ni, aka yi faɗa, na ƙi. Haka nas ta kama hannuna ta ja ni a baranda, mutane suna ta sannu, ina jin ta tana cewa ga matakala, ɗaga ƙafa. Wannan kalmar ce ta karya ni, domin da bakina na sha faɗinta. Na tsaya cak na buɗe. Ga baranda, ga bishiyar darbejiya, ga ɗan sanda har yanzu riƙe da kunci. Na zauna a ƙasa ina ta kalle-kalle.

Na hagun bai buɗe ran nan ba. Aka ci gaba da allura, kumburi yana saɓewa kaɗan kaɗan, ni kuma ina cewa to dama shi ne mai igiyar. Likitan gado ya zo ya duba, na haƙori ma ya leƙo kafin ya koma. Wata rana da hantsi ina shan kunu fatar ta ɗaga da kanta. Na rufe na dama da tafin hannu. Abin da na fara gani ƙuda ne a bakin kwano yana wanke hannu, ban taɓa ganin halitta mai kyansa ba.

Da muka koma gida Goggo tana zaune a kan tabarmarta. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce in matso. Ta zura yatsa a bakina, ta sami giɓin ƙasa ta ce wannan ta san shi. Ta bi sauran na ƙasa ta same su cif. Sai yatsan ya hau sama ya faɗa rami, ya tsaya a nan. Ta zare shi, ta rufe idona na dama da tafinta, ta ɗaga ɗaya hannun ta ce mene ne wannan. Na ce carbinta ne, har an ɗaure inda ya tsinke da baƙin zare. Ta sauke hannun a hankali.

"Nawa idon ma ya riga ya rufe kafin baƙon wanzamin nan ya taɓa ni," ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba. "Na yi ta tsine wa bawan Allah."

Can ta tambaye ni yaushe mai kujerar zai sake zuwa.

Da lokacin ya yi ni na ɗauki sandar na kai ta. Duk tsawon tafiya a kwalekwale fuskarta tana wajen rana, kamar mai sallama da ita. A kan kujera ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga, aka ciro guntayen saiwoyin da suka fi damunta, aka ce sauran sai wani zuwan. Na fito da ita baranda, bakinta cike da auduga. Ta saki sandar, ta riƙa juya fuska a hankali, hagu, dama, sama, har ta tsaya a inda rana take.

"Hasken yana nan," ta ce ta cikin audugar.

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji ta yi ba duk shekarun da na ja ta.